Ƙafar Hagu

A garejinmu na Farin Gada, sanyi na cizon yatsu,
muka rataye injin Beljiyam da sarƙa.
"Sassauta! Kaɗan-kaɗan!" in ji Oga Sabitu
daga ƙarƙashin mota.
Giyar nan mai canja kanta ta ƙi shiga,
sai da na lallashe ta kamar jaki a bakin rafi,
ta ce ƙwas, ta zauna.
Muka shayar da ita mai, ja kamar zoɓo.

Da la'asar Baba Ɗanlasan ya hau.
Shekara talatin yana dakon dankalin Bokkos,
kuloci ya cinye masa gwiwa.
Ya murza makulli, mota ta gyara murya.
Ƙafar hagu ta kai taku, ta taka iska.
Ya dube ta, ya yi dariya:
"Ke kuma an sallame ki. Huta."