Kalmar da Ta Aike Ni Bakin Kogi

Ranar Laraba, a ajinmu na Kawo,
Malam Barau ya rubuta historiya a allo,
alli ya karye kan harafin ƙarshe.
Ya ce Girkawan dauri
ba labari suke nufi da ita ba,
bincike suke nufi, tambayar wanda ya gani.
Namu tarihin kuwa aron Larabawa ne,
shi wata yake ƙirgawa, da kwana, da shekara.

Na riƙe kalmar kamar sandar makaho
na gangara bakin kogi.

Baba Maikano yana gyaran koma.
Na ce, Baba, wa ya raɗa wa garin nan suna?
Ya ce, kadduna mana, yarinya!
Da idona na ga bakwai suna shan hantsi
ƙarƙashin gadar jirgi, shekarar da aka canja kuɗi.

Gaba kaɗan, Mama Shekwoyemi,
itace a kafaɗa,
ta yi dariya har ta sauke kaya:
Tun kakanka bai ji ƙamshin ruwan nan ba
muna da abin da muke kiransa.
Yaushe kada ya fara raɗin suna?

Na dawo da amsa biyu, takalmi duk laka.
Malam, wacce zan rubuta?
Ya ce, duka, da sunan mai faɗa,
da inda yake tsaye sa'ad da ya faɗa.
Gobe ki koma.

An ce gani ya kori ji.
To ni ganau biyu na samo,
ba wanda ya kori wani,
kogin kuwa bai ce uffan ba.