Giwan Ruwan Siminti

Ni na fara shafa masa fenti,
shekara goma sha tara ke nan,
giwan ruwan siminti na Lambun Nomau
a bayan tashar mota, Birnin Kebbi.
Bakinsa ƙofa ne: yara su shiga a sunkuye,
su sulluɓo ta wutsiya, wando ya ji a jikinsa.
Ga lilon kwale-kwale huɗu,
ga homa a rataye, ga goruna jere a bango.
Gulbi ake kiran sashen.

Nomau ya rasu, Allah ya kai haske kabarinsa.
Ɗansa ya dawo da takarda a naɗe:
za a tashi Gulbi, a kafa Duniyar Wata,
kumbo, taurarin roba, fitilu masu ƙifta ido.
Kafin la'asar zancen ya kai teburin mai shayi.

Jaɓɓi mai yankan tikiti ya dire kofi:
"Wanga aiki ba shi yi.
Nan niƙ ga Ige ran sallah ƙarama
tana jan ƙanenta da ya maƙale cikin kifi.
Yau ɗiyanmu biyar.
Ku rushe shi, kun rushe min shaida."

Malama Shafa'atu ta firamare ba ta bari ya huce ba:
"Kai soyayyarka kake gadi.
Ɗalibaina sun san kifi, da tuwon shinkafa suke cin sa.
Bara na kawo aji guda, rabinsu hamma suke.
Wa ya taɓa nuna musu sama?"

Wani tsoho daga ƙarshen benci ya ce,
"Mi ag gamin Bakabe da wata
in ba duban azumi ba?"
Aka yi dariya, dariyar ba ta kashe wutar ba.

Gari ya rabu, 'yan Gulbi da 'yan Wata.
Takardar sa hannu ta zaga har layin teloli.
Wanda ya fi kowa ɗaga murya
rabonsa da sayen tikiti shekara bakwai;
Jaɓɓi ya sani, ya haɗiye,
don ɓangarensu ɗaya.

Ni kuwa an ba ni kafin alƙalami
da galan shida na ruwan azurfa.
Mai buroshi ba ya zaɓen bango.
Amma daren nan na kasa barci,
ina ƙirga ɓawon da na zana ɗaya bayan ɗaya
lokacin da gwiwata ba ta san ciwo ba.

Ranar rushewa guduma ta ji kunya.
Ashe marigayi bai yi rowar rodi ba.
Kwana uku, ko leɓen kifin bai tsage ba,
lebura biyu sun tafi ɗori.
Sai ɗan Nomau ya kira mota mai ƙugiya,
aka tsai da kifin bisa wutsiya, baki sama,
aka jingina masa tsani.
Ya dube ni: "Baba Manu, mai da shi kumbo."

Na mayar.
Ido ya zama taga, ƙaya ta zama fiffike.
Abin da ban faɗa wa kowa ba:
fentin da na shafa kan ɓawon
na tsinka shi da fetur fiye da ƙa'ida.

Ran buɗewa duka ɓangarorin sun zo,
kowa da "ai na faɗa" a aljihu.
Aka yaye tamfol, fitilu suka kama.
Autar Jaɓɓi, daga kafaɗar ubanta,
ta miƙa yatsa mai danƙon alawa:
"Baba, kifi za shi wata!"

Shiru, kamar an ɗauke wuta.
Can Jaɓɓi ya ce, "Kun ji ko? Kifi tac ce."
Malama ta ce, "Wata ta ce."
Suka koma inda suka tsaya.

Ni dai na wanke buroshina.
Damina biyu nake jira.