Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Ni ce mai shayin gindin darbejiya,
daura da ƙofar Majalisa, nan Umdurman,
inda Nilu biyu suka gama gaisawa
suka kama hanya ɗaya.

Jibir Sambo, wakilinmu, ba ya wuce ni.
Yakan zauna kan kujerar da na ɗaure wa ƙafa da waya,
ya ce, "Tabawa, kar ki sa sukari,
yau da ɗacin zan shiga."

A kan farantina yake rubutu,
takardar na shan zufar kofi:
Ya mai girma Minista,
injin ban ruwa na Hillar Bagudu
wata goma sha tara ke nan da mutuwa.
Yaushe?

Sau goma ya tambaya.
Sau goma amsa ta dawo da hatimi, da ƙamshin ofis:
ana nazari.
Ni dai ban taɓa ganin kuɓewar da nazari ya shayar ba.

Ran Talata na kunna rediyo kusa da murhu.
Minti uku suka ba shi.
Larabcinsa na tafe da Hausa a goye,
na ji wani daga baya ya yi dariya.
Bai waiga ba.
Ya kira riɗi, ya kira dawa, ya kira albasa,
kamar mai kiran sunayen waɗanda aka binne,
yana cikin faɗin kadada nawa suka tsage
aka ɗauke masa murya.
Madarata ta yi bori, ban lura ba.

Da ya fito, rawaninsa ya karkace.
Na ce, "Ƙanena Barau ya kira daga Sinnar.
Ya sayar da akuya ta biyu.
Yana kallon kogi daga gonarsa, ka ji,
kogi guda, cike,
ƙasa kuwa na buɗe baki."

Ya yi shiru. Ya zaro biro.
"To, ke faɗa, ni in rubuta."

Na ce, rubuta:
Ya mai girma, in ka miƙa kofinka da safe
aka ce maka ana nazarin ruwan,
kwana nawa za ka yi?

Ya rubuta. Ya yi dariya har da tari.
Sannan ya ja layi a kai,
wai ƙa'idar zauren ba ta yarda da irin wannan ba.
A ƙasa ya sake jera tsofaffin kalmominsa,
ya gyara lamba: wata ashirin.
Ya miƙe, ya kaɗe jalabiya, ya koma ciki.

Amsoshin nan goma ya bar mini su.
Gawayi ya yi tsada, ashana ma haka.
Kowace asuba nakan yagi ɗaya in tura ƙarƙashin buta.
Ban raina su ba, wallahi.
Takardar Minista ba ta kai ruwa gona ba,
amma tana tafasa nawa.