Turmin Nomau

A ƙauyenmu, kudu da Anka,
gidan Nomau akwai turmi biyu,
ɗaya na gero, ɗaya na dutse.
Tun da zinari ya fito a daji
ba wanda ya ƙara tuna wanne ne wanne.

Dutsen ne ya sauke bunu ya ɗora kwano.
Dutsen ne ya kawo babur ja.
Dutsen ne ya biya bashin shekara tara
da ubansa ya shiga ƙasa da shi a wuya.
To, ka zo ka ce masa me?

Ranar da Labbo ya sanƙare,
ido sama, haƙora a datse,
Nomau ya ce iska ce,
tsamiyar bakin rafi ce, dama an hana yara.
Aka yi turare, aka yi tofi.
Labbo bai kai Juma'a ba.

Sai ga mota fara, ga Ladidi mai allura.
Ta tsaga yatsun yara ta ɗebi jini,
ta ƙulle ƙasar tsakar gida a leda
kamar mai sayen kuka a kasuwa.
Ta dawo ta ce: dalma ce.
Tana cikin garin dutsen da kuke daka,
tana kan tabarma, tana bakin ƙwarya,
tana tafin yaro idan ya kai hannu baki.

Nomau ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Ni na fi kowa shaƙa, ga ni tsaye.
Gidan Ɗan'ige ba su daka dutse,
bara ba su kai biyu kushewa ba?
Ramin suke so, shi ya sa.
Mu tashi, su zo da injinsu."
Mazan dandali suka ce haka ne,
kowa da nasa turmin a gida.

Amma ni katangarmu ɗaya.
Na ji shi cikin dare, bayan kowa ya kwanta,
yana jera hujja kamar mai jera tubali,
ya ɗora, ta rushe, ya sake ɗorawa.
Ajali ne. Mayu ne. Ruwan rijiya ne.
Duk inda ya bi, hanya tana komawa wuri guda,
wurin da ba ya iya tsayawa:
in Ladidi ta yi gaskiya,
to ba tsamiya ba ce,
hannun da ya ɗauki Labbo ranar suna ne,
shi ne ya riƙe taɓarya.
Wane uba ne zai haɗiye wannan
ya tashi da safe ya sha kunu?

Tumba ba ta yi gardama da kowa ba.
Ta goya Hajo, ta bi motar,
ta dawo da magani da shiru.

Bayan sati biyu Nomau ya mirgina turmin dutse
har bayan gari, gindin wata marke.
Aka tambaye shi. Ya ce gida ya yi ƙunci.
Ya bari aka kankare ƙasar tsakar gida,
ya ce dama yana son sabon daɓe.
Yanzu sai ya yi wanka a rafi, ya sake riga,
kafin ya taɓa Hajo.
Ya ce zafi ne, gumi ya yi yawa.

Jiya na gan shi a dandali
yana ba wani baƙo labarin Labbo.
Iska ce, in ji shi, tsamiyar nan ce.
Ya faɗa da ƙarfi, ya maimaita,
yana duba ƙarƙashin farcensa
ko akwai sauran gari.

Ban ce masa komai ba.
Nawa turmin yana nan a zaure.