Harafi Talatin da Ɗaya

Ƙarfe tara, ofis ya watse,
sanyin Jos na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Ni da kwamfuta da shayin da ya huce
da jeri biyu na saƙonnin koke
da oga Nanbol ke so kafin Litinin.

Na hagu daga Gangare,
na dama daga Unguwar Rukuba,
dubu uku da ɗoriya.
Ba a ce in karanta ba,
an ce in nemo inda bakinsu ya zo ɗaya.

Na yi wa na'ura umarni layi bakwai:
ɗauki wannan, ɗora kan wancan,
ja shi harafi bayan harafi
kamar tela na neman inda zanen atamfa zai haɗu.
In sun dace ki riƙe, in sun saɓa ki wuce,
ki kawo mini mafi tsawo.

Ta kawo mini "da".
Ta kawo "a". Ta kawo fili,
farin filin nan na tsakanin kalmomi,
wai shi ma harafi ne a wurinta.

Laifina ne.
Ina za ta san mai rubuta kasa, ƙasa yake nufi,
wayarsa ce ba ta da lanƙwasa?
Na ƙanƙantar da manyan baƙaƙe, na miƙe masu ƙugiya,
na tsince waƙafi kamar tsakuwa a shinkafa.
Wata ta jera alamar tambaya goma sha ɗaya,
na share, ina ba ta haƙuri a zuci.

Aka ɗauke wuta.
Baba Choji ya tayar da janareta yana tsaki.

Na sake turawa. Ta yi jim, ta ce:
layin Sa'adatu Maiwaina
da layin wani Bitrus Azi,

ruwa bai zo ba tun laraba yara

talatin da ɗaya, har da filin ƙarshe.
Daga nan suka rabu.
Ita ta ce: ba su yi wanka ba.
Shi ya ce: na zuwa rafi.
Ita da sallama ta fara, shi da sunan Ubangiji,
wannan kuwa na'ura ba ta kawo ba,
ni na leƙa.

Gurbin rahoto lamba kawai yake ɗauka.
Na sa 31, na kashe fitila,
na kai kofina bakin famfon ofis.
Ya yi tari sau biyu.
Na mayar da kofin da ganyensa.