Udar Cima

A Garin Malam, bayan rijiyar da ta ƙafe,
na durƙusa gefen udar Cima.
Cikin wata huɗu, kunnuwa sun langaɓe.
Na ɗaura mata awo a ƙafar gaba,
allura ta haura, ta ƙi saukowa.

Akwai wani ɗan aike cikin jini,
saƙonsa kalma ɗaya: matse.
Tunkiya in ta ɗauki ciki lafiya
jijiyarta kan yi masa kunnen uwar shegu,
ta saki jiki, ta buɗe hanya
don na kwance a ciki ya sha.

Wannan kuwa, ladabi ya yi mata yawa.
Ɗigo guda na sa,
jijiya ta tsuke kamar bakin jakar marowaci.

Mu ƴan Damagaram mun san wannan:
famfo na ƙugi tsakar dare,
tiyo ya kumbura,
tulu wayam.

Cima ta ce, "Likita, za ta haihu?"
Na rubuta lamba a littafi.
Na ɗora tafi a cikin udar.
Can ƙasa wani ya shure ni,
sau biyu.