Tambaya Tara Kafin Kulle

A ɗakin shan magani na gidan yarin Argungu
akwai benci ɗaya, da ma'aunin jini mai yoyon iska,
da randa a lungu, da ni, Arzika.
Laraba, bayan la'asar,
Saje Labbo ya turo mini Nomau,
ankwa a hannu, jini ya bushe a gira.
"Ya fasa wa wani kai da kwanon gabza.
Kwana goma sha huɗu, ɗakin mutum ɗaya.
Duba shi ka sa hannu, magariba na tafe."

Tambaya tara ce a takardar.

Yau wace rana?
"Wadda ta bi jiya.
Shekara huɗu ina jiran alƙali,
mi za ni yi da sunan rana?"

Kana barci?
"In anka bar ni."

Ƙirga mini daga ɗari, kana zubar da bakwai-bakwai.
Ya gangaro har saba'in da biyu bai yi tuntuɓe ba.
Ya ce wanda ya sayar da giwan ruwa ga 'yan sari
lissafi ba ya ba shi tsoro.

Kana jin muryar da babu mai ita?

Nan ya tsaya.
Saje ya kaɗa makullai.
"Ba murya ba ce, malam, ruwa ne.
Cikin mutane, tari da minshari suna danne shi.
In anka yi tsit sai ya taso,
kamar daren da jirgi ya kihe da ƙanena Dikko.
Ina riƙe da wuyan rigarshi.
Na hito da riga."

Ta takwas na rage murya kafin na karanta:
ka taɓa jin ka gaji da ranka?
Ya ce, "Musulmi nike."
Sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana duban azara,
ita kuwa wannan amsa babu layin da zan rubuta ta.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska,
amma takarda gida biyu ta yi:
ya dace, bai dace ba.

Bara Jatau ya ci taran nan duka,
har da murmushi, har da gaishe ni da aiki.
Na ja masa layi a gidan farko, na tafi masallaci.
Da aka buɗe shi
ya fito yana yi wa bango sallama,
yana kiran tsaka da sunan uwarsa.
Har yau in na ratsa fili yakan tambaye ni
ko an buɗe.
Biro na naira hamsin ya yi wannan aiki.

Na ja layi a gida na biyu.

Saje bai yi faɗa ba, gajiya ce ta yi magana:
"To ina zan kai shi?
Can ciki 'yan'uwan mai rotse na jiransa.
Likitan ƙwaƙwalwa sai Birnin Kebbi,
motarmu kuwa tun sallar layya take kan duwatsu.
Ka ce bai dace ba. Mene ne ya dace?"

Ban da amsa. Benci gare ni.

Daren nan Nomau ya kwana a kansa,
ƙafa ɗaya ɗaure da ƙafar tebur.
Na bar masa rediyona a kunne,
tasha ta rufe, sai shuuu,
ya ce in kashe, wannan ma ruwa ne.
Sai na zauna ina karanta masa sunayen magunguna
daga kwalayen da babu kome a ciki,
har numfashinsa ya daidaita.

Randa na tsattsafa a lungu.
Na tashi na sa tsumma a ƙarƙashinta.
Gobe akwai mutum uku.